Saƙon da Iya Ta Karanta a Leɓen Soja

Maimuna, yanzu da nake wannan rubutu kina kwance a gefena, ba ki san komai ba sai nono da barci. Amma za ki girma, za ki je gida biki ko hutu, kuma wata daga cikin gwaggonninki za ta ja ki gefe ta gaya miki cewa uwarki ce ta ɗauke Iya daga hannun likitocin Riyad ta kai ta ƙauye ta mutu. Ba ƙarya za ta yi miki ba. Rabin zancen za ta ba ki, ni kuma ina so ki karɓi ɗaya rabin daga wurina.

Iya kakata ce, mahaifiyar Abba. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Abba bai taɓa kiran sunana na yanka ba, Ummi yake ce mini, ita kuwa ta ce Takwara. Tun kafin a haife ni wani zazzaɓi mai zafi ya tafi da jinta, daga nan ta koma sauraro da ido. In kana magana sai ta kafa wa leɓenka ido ta kwashe zancen tas, har da wanda ka so ka haɗiye. A ƙauyenmu na ƙasar Katsina ba a lissafa ta cikin kurame. Ita ma aka fi tsoro a gidan biki, don tana zaune a bakin ƙofa za ta gaya maka gulmar da ake yi a can gindin murhu.

Da ciwon zuciya ya kama ta, Abba ya yi ta fafutuka har ya kawo ta wurinmu a Riyad, unguwar Nasim, inda muke zaune a hawa na biyu. Shi ma'aikacin lantarki ne a wani kamfanin gine-gine, ya daɗe a ƙasar har furfura ta same shi a nan. Ya yi murna ƙwarai, yana ganin ya ceci uwarsa. Amma a Riyad ne Iya ta kurumce da gaske. Maƙwabtanmu mata in sun fito da niƙabi suke, ma'aikatan asibiti da takunkumi, talabijin kuwa Larabci take yi, leɓe na motsi babu abin da yake ce mata. Ƙanwata Nana, wadda aka haifa a nan, in ta fara zance da Hausa kafin ta kai tsakiya ta zame cikin Larabci, sai Iya ta kawar da kai.

"Wannan gari mata ba su da baki, Takwara," ta ce mini wata rana da muka dawo daga asibiti. "Ido kawai, kamar mage a cikin buhu."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. A hankali ta rage magana. Ta kan zauna a bakin tagar ɗakinmu, wadda ba ta kallon komai sai bangon gidan maƙwabta, ta yi ta jan carbi har rana ta sauka daga saman bangon zuwa ƙasansa. Ina ganinta kamar shukar da aka ciro da saiwarta aka sa a kwalbar ruwa mai tsabta. Ba ta mutu ba, ba ta kuma yi sabon ganye ba.

A wannan shekara ina ajin ƙarshe a jami'a, ina karatun adabi da fassara, ina kuma rubuta waƙoƙin da ba na nuna wa kowa. Lokacin zafi ne, irin wanda ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana. Bayan la'asar na kan ɗauko kwamfutata in nemo wa Iya abin kallon da ba ya bukatar kunne. A haka na faɗa kan tsofaffin hotunan yaƙi masu motsi, baƙi da fari, na sojojinmu da Turawa suka kwasa zuwa Bama. Na san mahaifin Iya yana cikin waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Tana ƙarama sosai a lokacin. Ta sha ba ni labarin yadda uwarta take goya ta su tafi ƙofar gidan hakimi duk ranar da aka kawo majigi, ta tsaya cikin taro tana duba fuskokin sojojin da ke wucewa a jikin farin ƙyalle, ko za ta ga mijinta. Ba ta taɓa ganinsa ba, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mata ya mutu.

Na ɗan yi jinkiri kafin in kunna mata, sannan na kunna. Ga su nan a jere cikin ruwan sama, kaya a ka, suna ratsa wani kogi da ya kai musu ƙirji, alfadarai na turjewa a bayansu. Ga su suna sare daji mai duhu da adduna. Sai hoton ya sauya zuwa ranar hutu. Wani na yi wa wani aski a gindin itace, wani na shanya wando a kan igiyar tanti, mutum biyu sun haƙa ramukan dara a ƙasa sun duƙufa a kai kamar babu yaƙi a duniya. Muryar wani Bature tana bisa hoton tana bayani, ga kiɗan badujala, amma su sojojin ba a ɗauki sautinsu ba. Can sai suka fara zuwa gaban na'urar ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tsaya ƙyam, ya cire hula, ya yi magana.

Iya ta damƙe wuyan hannuna.

"Tsayar. Mayar da shi baya."

Na mayar. Na juyo da fuskata gare ta yadda muka saba, na ce, "Iya, Baturen ya ce barkwanci suke yi wa mai ɗaukar hoto."

"Baturen bai ji Hausa ba. Wannan sallama ya yi. Ga shi nan yana faɗin garinsu."

Muka sake kallo, muka sake. Ashe an gaya musu za a nuna hoton a gida, su kuma suka ɗauka akwatin da zai kai fuskarsu zai kai muryarsu. Shi ya sa suka cire hula, shi ya sa suka yi layi. Kowa saƙo yake bayarwa. Masu haɗa hoton ba su san haka ba, suka yi ta datse su, wannan daga sallama an wuce shi, wancan yana tsakiyar sunan uwarsa. Mutum ɗaya kawai aka bari ya kai ƙarshe, wani dogo mai tsagar Gobirawa a kumatu, wataƙila don ya yi murmushi mai kyau da ya gama.

Mun yi makonni a kansa. Na koyi yadda ake rage gudun hoton har leɓensa ya riƙa buɗewa a hankali kamar na mai addu'a. Iya ta matso da fuskarta dab da gilashin, tana motsa nata leɓen tare da nasa. Ba ta yarda ta ƙara ko kalma ɗaya da ba ta gani ba. Abin da ta tabbatar shi ne, ya ce shi ne Balarabe ɗan Mamman, na Marken Bube. Ya ce a gaida Inna, a gaya wa mutanen ɗakinsa yana nan lafiya. Daga nan ya sunkuyar da kai, maganar ta ɓace mana. Da ya ɗago sai ya ce, in mace ce a sa mata Maimuna.

"Cikin ɗan fari ya bari a gida," in ji Iya. "Kin ga kunya ta danne masa wuya. Da yana gida ko da wasa ba zai faɗi wannan ba. Nisa ce ta ba shi baki."

Na lura duk sanda layin sojoji ke wucewa idonta na bin su ɗaya-ɗaya. Ran nan na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko tana ganin babanta na ciki.

"Ko ya wuce ta gabana ban san shi ba, Takwara. Ƙafafunsa kawai nake tunawa." Sannan ta ce, "Uwata ta mutu tana jiran kalma ɗaya. Yanzu ga ta wani ta faɗo hannuna. Ya zan yi in kwanta da ita?"

Da farko Abba dariya ya yi, amma ya ji daɗin ganin ta dawo da cin abinci da tsokanar Nana. Don ya faranta mata, ran Juma'a bayan an sauko, a wurin da mutanenmu ke taruwa shan shayi a Bataha, ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa jin Marken Bube. Zancen ya bi bakin direbobi da magina har ya isa unguwar Suwaidi, wurin wani Bagobiri mai tuƙa tankar ruwa, Malam Sahabi. Shi ya buga waya gida, aka yi ta miƙa tambayar daga wannan tsoho zuwa wancan. Amsa ta dawo cewa lallai an yi wani Balarabe da ya tafi soja bai dawo ba, ya bar mace da ciki, kuma 'yar tana raye. Inna Talle ake ce mata. Rashin tsaro ya taso su daga ƙauyen, tana zaune da 'ya'yanta a gefen gari.

Abba ya kira babban ɗanta. Mutumin ya saurara har ƙarshe, ya ce su ma sun san irin wannan wayar ta 'yan damfara da ake bugowa daga ƙasar waje, Allah ya shirya, ya kashe. Aka roƙi wani ɗan'uwan Malam Sahabi ya je ya haɗa mu da tsohuwar ta waya mai hoto. Hoton ya yi ta tsayawa yana tsalle, Iya ba ta kama ko kalma ɗaya a bakinta ba, ita kuma tsohuwar ta tsorata ta shige ɗaki.

Muna cin abincin rana wata Asabar Iya ta ajiye cokali ta ce za ta tafi ta kai saƙon da ƙafarta.

"Iya, ina za ki da wannan zuciyar?" in ji Abba. "Ga asibiti a nan, ga magani, ga likitan da ya san ki. Mutane addu'a suke yi Allah ya sa su cika a ƙasar nan."

"Makka da Madina suke nufi, Alhaji, ba wannan garin naku na gadoji ba."

Mama ta ƙunshe dariya a mayafi. Na tuna ranar da muka wuce ta maƙabartar Ud a mota, Iya ta daɗe tana kallon katangar, ta ce nan ma ƙasar Allah ce, sai dai babu wanda zai zo wucewa ya ce ga inda Iya take. Abba ya sa tafin hannu ya kare bakinsa, ya fara yi wa Mama magana ƙasa-ƙasa. Iya ta miƙa hannu ta buge nasa.

"Sauke hannunka. Ni na haifi bakin nan."

Ya sauke. Ya dube ta sosai ya ce, "To babu mai kai ki. Kafil, ubangidan aikina, ba zai ba ni hutu ba ana tsakiyar aiki. Maman su Ummi ba za ta bar Nana da makaranta ba. Halas, zance ya ƙare."

Ban shirya abin da na faɗa ba. Ni mai tsoro ce, Maimuna, ko a aji ba na ɗaga hannu sai an kira ni. Amma ina kallon Iya na ga fuskarta ta fara komawa irin ta bakin taga.

"Ni zan kai ta, Abba."

"Ke da jarrabawa a gabanki?"

"Na sani."

"Gurbin da aka ba ki a jami'a ba zai jira ki ba."

"Na sani, Abba."

Sai ya tashi ya juya wa Iya baya gaba ɗaya, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya fuskance ni ni kaɗai.

"Likita ya ce in babu kulawa zuciyarta ba za ta yi nisa ba. In kika kai ta, kin san abin da kika kai ta yi."

Na ce na sani. Iya ba ta ga bakinsa ba, amma ta ga nawa, kuma ina jin ta gane sauran. Abba da kansa ya cike mata izinin fita daga ƙasar a wayarsa, bai dube ni ba. Shi ya kai mu filin jirgi. Ya durƙusa a gaban keken marasa lafiyar da aka ɗora ta a kai, a tsakiyar jama'a, ta dafa kansa ta daɗe tana sa masa albarka. Ni kuwa jakar leda ya miƙo mini ya ce, "Ga magungunan."

Ba zan cika ki da labarin hanya ba. Mun isa, da rakiyar ɗan'uwan Malam Sahabi. Inna Talle 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai yana a ido ɗaya, muka same ta a tsakar gida tana murza ƙuli-ƙuli. Na fara laluben waya a jaka, Iya ta hana ni. Ta ce ba haka ake kai saƙo ba. Ta yi sallama, aka shimfiɗa mana tabarma, ta sha ruwa, aka gaisa har da tambayar jikoki da gajiyar hanya. 'Ya'yan tsohuwar na tsaye a bakin zaure suna kallonmu da zargi. Sai Iya ta gyara zama.

"Ni 'yar aike ce. Balarabe ɗan Mamman na gaishe ku. Ya ce a gaida Inna, ya ce a gaya wa mutanen ɗakinsa yana nan lafiya."

Hannun tsohuwar ya tsaya a cikin ƙwarya. A lokacin ne Iya ta yi mini alama, na kunna hoton na riƙe mata a gaban idonta mai gani. Ta kalli mai aski, ta kalli masu dara, har dogon nan ya fito ya cire hula. Tsagar da ke kumatunsa ita ce a nata. Ta goge yatsanta a zane, ta taɓa gilashin.

"Ashe yaro ne," ta ce. "Jikana ma ya girme shi."

Ta gaya mana uwarta ta yi shekaru tana jira kafin dangi su sa ta sake aure, ta rasu tuntuni. Ita kuwa an raɗa mata Hawwa'u, amma ba wanda ya kira ta da shi, Talle ya bi ta saboda ta tashi babu uba.

"Akwai saura," in ji Iya. "Ya sunkuya ya faɗi abin da ban gani ba, ba kuma zan yi masa ƙarya ba. Amma da ya ɗago ya ce, in mace ce a sa mata Maimuna."

Tsohuwar ta maimaita sunan a hankali, kamar tana gwada zanen da aka ajiye mata a akwati. Hawaye na bin tsagar fuskarta, sai kuma ta yi dariya.

"To sai yanzu da haƙora suka ƙare? Wa zai yanka mini ragon?"

Babban ɗanta, wanda ya kashe wa Abba waya, ya juya ya fita. Da safe muka tashi muka ga rago ɗaure a gindin darbejiya. Liman ya zo, aka raba goro da dabino, ya ce babu laifi a cika wa uba burinsa ko an makara. Aka yi addu'a, aka sanar wa jama'a cewa sunan jaririya Maimuna. Jikokinta suka yi ta tsokanarta ko a kira wanzami ya yi mata askin suna, tana korarsu da mafici. Iya na zaune a tsakiyar mata tana juya kai daga wannan baki zuwa wancan, tana kwasar hira kamar mai ƙishirwa a bakin rijiya. Na ɗauki hoton komai a wayata na aika gida. Mama ta amsa, Nana ta amsa, Abba bai amsa ba.

Daga can Iya ta ce a wuce da ita ƙauyenmu. Na roƙe ta mu koma, ta ce in ina so in tafi, ita ta iso. Na zauna. Ta ga damina gaba ɗayanta. Kullum da hantsi tana bakin ƙofa, tana gaya mini wa ke faɗa da wa tun daga nesa. Magungunan ta sha su yadda aka ce, amma ƙafafunta suka fara kumbura. Bayan an yanke gero, wata safiya, ta cika a ɗakin da ta haifi Abba. Kafin ya sami izini da jirgi an rufe ta. Tudun ƙasa ya tarar.

Wannan shi ne abin da gwaggonninki ke riƙe da shi, kuma ban ga laifinsu ba. Wataƙila da tana Nasim da ta ƙara shekara, wataƙila biyu, a bakin tagar nan. Ban sani ba, ba kuma zan taɓa sani ba. Gurbina na jami'a ya tafi, sai daga baya na ƙarasa karatun daga gida a wata makarantar. Wannan bai yi mini zafi sosai ba. Abin da ya yi mini zafi shi ne, da muka dawo Riyad Abba bai yi mini faɗa ba ko sau ɗaya. Yana amsa gaisuwata, yana sayo mini abin da nake bukata, shi ya tsaya a kan aurena da babanki har aka gama lafiya. Amma ya daina ce mini Ummi. In zai kira ni sai ya ce "ke", ko ya aiko Nana. Sunan ya zauna a gidan kamar kujerar da ba a zama a kai.

Da aka haife ki, babanki ya ce ya bar wa Abba zaɓin suna. Na yi wankan jego a gidanmu na Nasim, a ɗakin nan mai taga. Ranar suna da safe maza suka cika falo, har da Malam Sahabi, ina jiyo muryoyinsu da ƙarar kofunan shayi. Mama ta shigo ta ɗauke ki ta kai musu. Kafin ta fita ta raɗa mini cewa tun shekarar da Iya ta rasu Abba ya sa Nana ta zuba masa hoton sojan da na ragon a wayarsa, yana kallo a mota lokacin hutun aiki, ya kuma hana a gaya mini.

Na ji an shafa fatiha, amma ban ji sunan ba saboda ƙarar na'urar sanyi. Can sai ga Abba da kansa a bakin ƙofa, yana rungume da ke cikin farin tawul. Bai shigo ba. Ya tsaya inda haske ke faɗa masa a fuska, ya fuskance ni sosai, yadda duk gidanmu muka saba fuskantar Iya. Ya motsa leɓensa a hankali, babu murya. Na karanta sunanki a bakinsa.

Sannan ya gyara murya, ya dubi kwanon kunun da ke gefena.

"Ummi, kunun nan zai huce. Ki sha."